Raddi Cikin Ladabi Ga Masu Cewa Mutanen Kogo Dabbobi Ne

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a tsakaninmu har ta zama kamar ba ta bukatar hujja. Ana jin ta a teburin mai shayi a Samaru, ana jin ta a rumfunan kasuwar Sabon Gari, wani lokaci ma har a bakin masu ilmin boko a cikin jami'a. Maganar ita ce wai mutanen da suka rayu a kogwannin duwatsu, dubban shekaru kafin a san rubutu, ba su da maraba da namun daji. Wai ɗanyen nama suke ci, ba su san girki ba, ba su san magani ba, ba su san tausayi ba, mai ƙarfi ke danne na ƙasa da shi. In aka tashi kawo misali sai a nuna hoton nan da ya cika littattafan makaranta da wayoyin hannu, na wani ƙato mai gashi buzu-buzu, ya ranƙwafa, riƙe da kulki. Hoton nan na mutanen da masana ke kira Niyandatal ne. Wasu kuma sukan ƙara da cewa duk wanda ya ce ya san abin da waɗannan mutane suka ci ko suka sha, shaci-faɗi kawai yake yi, tunda ba su bar takarda ba, kuma babu wanda ya gan su.

Ina girmama masu wannan ra'ayi, domin da yawansu iyayena ne da malamaina, kuma ba su suka ƙago shi ba, gadonsa suka yi daga littattafan da aka karantar da su. Amma a ganina kuskure ne, kuma kuskuren da ya kamata mu mutanen Zariya mu fi kowa gudunsa. Tun da farko bari in ware abu ɗaya gefe. Ba zan shiga batun asalin halittar ɗan Adam ba, wannan fage ne mai malamansa, kuma raddin nan bai rataya a kansa ba. Abin da nake magana a kai ya fi haka sauƙi. An tono ƙasusuwan wasu mutane, an tono murhunsu da tokarsu da ragowar abincinsu. To, me waɗannan abubuwa suka nuna game da yadda suka rayu?

Ya kamata mu fara sanin inda hoton ƙaton nan mai kulki ya samo asali, domin ruwa ba ya tsami banza. A shekarar 1856 wasu ma'aikatan fasa dutse suka ci karo da ƙasusuwan wani mutum a wani kogo da ke kwarin Neander, kusa da birnin Dusseldorf na Jamus. Daga sunan kwarin aka raɗa wa mutanen suna. A 1908 aka sake tono wani kwarangwal, kusan cikakke, a La Chapelle-aux-Saints ta Faransa, aka damƙa shi ga wani masani mai suna Marcellin Boule. Shi ne tsakanin 1911 da 1913 ya fitar da siffar mutumin a ranƙwafe, gwiwa a lanƙwashe, wuya a gaba. Duniya ta karɓa, masu zane suka ɗora nasu. Sai a 1957 wasu masana ƙirar jiki biyu, William Straus da Alexander Cave, suka sake duba ƙasusuwan, suka nuna cewa mutumin dattijo ne da amosanin gaɓɓai ya ci bayansa, kuma Boule ya karanta ƙashin ne da abin da ya riga ya ƙudurta a ransa. Lafiyayyensu a miƙe yake tafiya kamar kowa. Ƙoƙon kansu kuwa, wurin zaman ƙwaƙwalwa, bai gaza namu girma ba, na wasunsu ma ya ɗara namu. Kusan shekara 70 ke nan da masana suka gyara wannan kuskure, amma hoton yana nan a littattafanmu.

Sai batun masu cewa shaci-faɗi ne. Tambayarsu tana bisa hanya, domin wanda aka ba shi labari yana da ikon ya ce ina shaida. Shaidun nan huɗu ne, kuma duk ana iya taɓa su da hannu. Na farko ƙonanniyar tsaba da gawayi. Ƙwayar hatsi takan ruɓe cikin 'yan watanni, amma in ta faɗa wuta ta zama gawayi, sai ta zauna dubban shekaru da siffarta. Masu binciken kufai sukan zuba ƙasar da suka tono cikin ruwa, yashi ya nutse, ƙonannun ƙwayoyin su taso sama, a tace su, a duba su da madubin ƙara girman abu, a gane wace shuka ce. Na biyu ƙurar fure, wadda kowace shuka ke da tata siffar, kuma ɓawonta ba ya saurin lalacewa a laka. Ita ke nuna ko wuri kurmi ne a wancan zamani, ko fadama, ko fili mai ciyawa. Na uku ƙasusuwan dabbobi, domin sawun wuƙar dutse a kan ƙashi daban yake da sawun haƙorin kura, kuma ƙashin da aka gasa daban yake da ɗanye. Na huɗu, wanda ya fi ba da mamaki, dauɗar nan da ke daskarewa a gindin haƙori ta yi tauri. Tana rufe burbushin abin da mutum ya tauna, ta adana shi har bayan mutuwarsa.

Lissafin shekarun ma ba da ka ake yin sa ba. Duk abu mai rai yana ɗauke da wani nau'in sinadarin kabon wanda ke raguwa bayan mutuwa, rabinsa yakan tafi a cikin kimanin shekara 5,730. Da awon abin da ya saura ake sanin shekarun gawayi ko ƙashi, har zuwa wajen shekara 50,000. Abin da ya girme haka kuma akwai wasu hanyoyin awo, kamar na sinadarin yuraniyam da ke cikin duwatsun da ɗigar ruwa ke ginawa a kogo. Wannan aiki ba baƙo ba ne a Samaru. A shekarun 1970 John Sutton, wanda ke koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello a lokacin, ya yi tono a yammacin Samaru, inda aka samu wuraren narkar da tama da tulin kashin maƙera. Gawayin da aka auna ya nuna cewa ana narkar da ƙarfe a nan fiye da shekara dubu da suka wuce. Ban ji wanda ya kira wannan shaci-faɗi ba, alfahari ma muke yi da shi. To, gawayin murhun Niyandatal da na maƙeran Samaru ido ɗaya ke duba su, hankali ɗaya ke auna su.

Yanzu mu zo ga hujjoji. Ta farko ita ce girki. A arewacin Iraƙi, yankin Kurdawa, akwai wani babban kogo mai suna Shanidar, wanda Ralph Solecki ya tona tsakanin 1951 da 1960. A 2011 wata masaniya mai suna Amanda Henry da abokan aikinta suka kankare dauɗar haƙoran wani Niyandatal na wannan kogo, da na wasu daga kogon Spy na Beljiyam. Suka samu burbushin dabino, da na dangin wake, da na tsabar ciyayi dangin sha'ir. Ƙwayoyin sitaci sukan canza kama idan aka dafa su, sukan kumbura su fashe, kuma da yawa cikin waɗanda aka samu a haƙoran nan suna ɗauke da wannan alama. Dafaffen hatsi ke nan mutumin ya tauna. A 2022 kuma Ceren Kabukcu ta Jami'ar Liverpool ta bincika wasu ƙonannun gutsattsarin abinci daga murhun Shanidar, masu kimanin shekara 70,000. Ta tarar an haɗa tsabar ciyawar daji da wasu nau'o'in waken daji, an jiƙa su, an daka, sannan aka dafa. Irin wannan wake yana da ɗaci, wani ma yana cutarwa in aka ci shi haka nan, jiƙon da dakan su ke rage masa kaifi. Duk uwargidan da ta taɓa jiƙa wake ta surfe shi domin ƙosai ko alala ta san wannan ba aikin da ake faɗawa cikinsa bisa tsautsayi ba ne. Mataki-mataki ne, wani bayan wani, kuma sai an koya wa mutum yake iyawa. Inda aka samu girki mai matakai, an samu mai koyarwa da mai koyo.

Hujja ta biyu ita ce sanin ƙasa da abin da ke cikinta. An saba nuna mana Niyandatal cikin ƙanƙara, kamar a nan kaɗai suka rayu. Gaskiya ne sun sha zamunnan sanyi masu tsanani, amma mutanen nan sun zauna tun daga gaɓar tekun Fotugal har zuwa duwatsun Altai na Sabiriya, na tsawon dubban ɗaruruwan shekaru, kafin su ɓace wajen shekara 40,000 da suka wuce. A tsawon wannan lokaci yanayi ya juya sau da yawa, kuma a kowane wuri ragowar abincinsu ta bi abin da ƙasar ke bayarwa. A kogon Figueira Brava na Fotugal, binciken da João Zilhão ya jagoranta, wanda aka buga a 2020, ya gano tulin ɓawon dodon koɗi na teku, da ƙaguwa, da ƙayar kifi, da ƙasusuwan tsuntsayen ruwa, da ɓawon 'ya'yan wata itaciya mai kama da gyaɗa da suke gasawa. Shekarun wurin sun kama daga 86,000 zuwa 106,000. Baƙin da ke jikin ɓawon ƙaguwar ya nuna a kan garwashi aka gasa ta. A kogwannin Jabal Ɗariƙ an samu ƙasusuwan tantabarun daji masu sawun yanka da na wuta. A 2017 Laura Weyrich da abokanta suka kwatanta dauɗar haƙoran mutanen Spy da ta mutanen kogon El Sidrón na arewacin Sifen. A ta Spy suka ga alamar naman karkanda mai gashi da na tumakin daji. A ta El Sidrón kuwa, waɗanda suka zauna cikin kurmi, suka ga alamar naman kaza da 'ya'yan itace. Zaki ba ya komawa kamun ƙaguwa don ya iso bakin teku. Mutanen nan kuwa duk inda suka sauka sai sun karanci wurin.

A nan dole in ba masu wancan ra'ayi gaskiyarsu a kan abu ɗaya. Niyandatal sun ci nama sosai, awon sinadaran ƙashinsu ya tabbatar da haka, musamman waɗanda suka zauna a ƙasashen sanyi. Sai dai yadda suka samu naman da yadda suka sarrafa shi hujja ce a kan masu raina su. A Neumark-Nord, kusa da birnin Halle na Jamus, akwai kufan wani tafki mai kimanin shekara 125,000. Ƙurar fure da ƙonannun 'ya'yan itace sun nuna cewa lokacin ɗumi ne, ƙasar tana da dazuzzuka. An tono ƙasusuwan giwaye kimanin 70 a wurin, na wani nau'in da ya ƙare, wanda torensa kan kai tan 13, wato ya ninka toron giwar Yankari. Binciken Sabine Gaudzinski-Windheuser na 2023 ya nuna yawancinsu manyan toraye ne, kuma sawun wuƙa ya bi ƙasusuwan tun daga kai har tafin ƙafa, an feɗe su tsaf. Mutum ɗaya da kulki ba ya kayar da irin wannan dabba, kuma gida ɗaya ba ya cinye ta kafin ta ruɓe. Sai da shawara, da rabon aiki, da taron jama'a ko dabarar adana nama. A bakin wani ƙaramin tafki da ke kusa kuma, binciken da aka buga a 2025 ya gano wurin da aka tara ƙasusuwan manyan dabbobi aƙalla 172, dawakin daji da barewa da shanun daji, aka farfasa su ƙanana-ƙanana domin a dafa a tatsi kitsen da ke ciki. Wanda ya ware wuri na musamman don wannan aiki, ya ɗebo ƙashi daga nesa ya kawo, mutum ne mai tunanin gobe.

Hujja ta uku sana'ar hannu ce, kuma ita ma daga ragowar tsirrai ta fito. A Campitello ta Italiya an samu wuƙaƙen dutse masu kimanin shekara 200,000 da wani baƙin danƙo a manne a gindinsu. Danƙon nan ba ya tsatsowa daga itace da kansa, sai an ɗauki ɓawon wata itaciya an turara shi da wuta ta wata hanya ta musamman kafin ya fito. Da shi suke liƙa dutse a ƙota. A Poggetti Vecchi, ita ma a Italiya, an samu sandunan tono na wani itace mai tsananin tauri, masu kimanin shekara 171,000, waɗanda aka babbaka da wuta don a ji daɗin kankare su. A Abri du Maras ta Faransa kuma, a 2020, aka ba da labarin wani guntun igiya mai kimanin milimita 6, wanda ya haura shekara 40,000. An yi shi da zaren cikin ɓawon itace, an murza sili uku kowanne daban, sannan aka tufke su ta ɗaya gefen don kada su warware. Duk mai tufka ya san sai da ƙidaya da sanin lokacin da ɓawo ke saɓuwa ake yin wannan.

Hujja ta huɗu ita ce ta fi taɓa mini zuciya, wato magani da jinƙai. A dauɗar haƙorin wani matashi na El Sidrón, wanda ƙashin muƙamuƙinsa ya nuna yana fama da ƙurji a gindin haƙori, an samu alamar ɓawon wata itaciya mai ɗauke da sinadarin da ke kashe zogi, dangin wanda ke cikin asfirin. Tun a 2012 Karen Hardy ta gano a haƙoran mutanen wannan kogo burbushin wasu ganyaye biyu masu ɗaci da ba su ƙosarwa, waɗanda har yau Turawa ke sha don magani. Wasu masana sun ce mai yiwuwa kayan ɗanɗano ne. Ko da hakan ne, ai wanda ke neman ɗanɗano a abincinsa ya wuce matsayin dabba. Amma shaidar da ba ta da ja ita ce ta wani dattijo na Shanidar, wanda masana ke kira Shanidar na Ɗaya. An taɓa yi masa mummunan rauni a gefen hagu na fuska wanda ya farfasa ƙashin kwarmin idonsa. Hannunsa na dama ya shanye, kuma babu shi daga wajen gwiwar hannu zuwa ƙasa. Ƙafarsa ta dama ta samu matsala, yana ɗingishi. Wani ƙashi ya tsiro ya toshe masa kunnuwa, jinsa ya ragu ƙwarai. Duk raunukan nan sun warke tun yana raye, kuma ya kai wajen shekara 40 ko fiye, wanda tsufa ne a zamaninsu. Ya ɗan'uwa mai karatu, ka auna da kanka. A ƙasar duwatsu mai namun daji, mai hannu ɗaya, mai ɗingishi, wanda ba ya jin tahowar abin da zai cuce shi, wa ya ciyar da shi shekara da shekaru? Wa ya yi jinyarsa har ƙashi ya ɗinke? Akwai waɗanda suka ɗauki nauyinsa alhali ba ya iya biyan su da farauta. Wannan shi muke kira zumunci.

Adalci ya sa in faɗi abin da bai yi daɗi ba. A wasu wurare, kamar Goyet ta Beljiyam da Moula-Guercy ta Faransa da ita kanta El Sidrón, an samu ƙasusuwan Niyandatal masu sawun yanka irin na dabbar da aka feɗe, alamar wasunsu sun ci naman 'yan'uwansu. Abin ƙyama ne, ba na kare shi. Sai dai tarihin mutanen da suka san rubutu da sarauta ma bai kuɓuta daga irin wannan ba a lokutan yunwa da yaƙi, kuma ba mu ce don haka su dabbobi ne ba. Haka kuma ba su yi noma ba, ba su gina tukunya ba, ba su san ƙarfe ba. Akwai ma abin da masana suka taɓa faɗa na yabonsu daga baya suka ja da baya. An samu dunƙulen ƙurar fure a kusa da wata gawa a Shanidar, aka ce da furanni aka binne ta. Daga baya wasu suka nuna cewa ɓerayen daji masu gina rami, ko ƙudan zuma masu gida a ƙasa, suna iya kawo wannan ƙurar. Masu cewa shaci-faɗi ne su lura da wannan. Ilmin da ke tuhumar kansa, ya janye maganar da hujjarta ta yi rauni ko da tana da daɗin ji, ya cancanci a saurare shi a inda hujjarsa ta yi ƙarfi.

Akwai kuma shaidar jini. A 2010 Svante Pääbo da tawagarsa a Leipzig suka karanta ƙwayoyin gado daga ƙashin Niyandatal, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2022. Bincike ya nuna cewa mutanen da asalinsu ke wajen Afirka, Larabawa da Turawa da mutanen Asiya, suna ɗauke da kimanin kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na gadon Niyandatal. Wani bincike na 2020 ya nuna 'yan Afirka ma suna da ɗan kaɗan, wajen kashi 0.3, wanda ya shigo ta hanyar mutanen da suka dawo nahiyar. Ma'anar wannan ita ce an yi cuɗanya, an haihu, 'ya'yan sun rayu sun hayayyafa. Ba a haihuwa tsakanin mutum da dabba.

To, me ya sa na ce mu mutanen Zariya ya kamata mu fi kowa gudun wannan kuskure? Saboda da irin wannan ma'auni aka taɓa auna mu. A 1963 wani shehin malamin tarihi na Jami'ar Oxford, Hugh Trevor-Roper, ya fito fili ya nuna cewa Afirka ba ta da tarihin da ya isa a karantar, ban da na Turawan da suka shigo ta. Tushen wannan tunani shi ne cewa inda babu takardar da Bature ya yarda da ita, babu tarihi, kuma inda babu tarihi babu wayewa. A nan Samaru, a sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, malamai irin su Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman suka ƙarar da rayuwarsu wajen rushe wannan tunani. Ba daidai ba ne mu da aka yi wa wannan raini mu juya mu yi wa wasu, da hujjar da aka yi mana da ita.

Kuma hanyoyin da suka wanke Niyandatal su ne suka ɗaga darajar magabatan ƙasarmu. A lura, ba a taɓa samun ƙashin Niyandatal a Nijeriya ko Nijar ba, waɗanda zan ambata mutane ne irinmu sak, kuma zamaninsu ya fi kusa nesa ba kusa ba. Amma su ma ba su bar takarda ba. A kudancin jiharmu ta Kaduna, mutanen Nok sun shahara da mutum-mutumin yumɓu. Ƙasar yankin tana cinye ƙashi, don haka ba a samun ragowar dabbobi. Sai masu bincike daga Jami'ar Frankfurt, ƙarƙashin Peter Breunig, tare da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, suka koma ga ƙonanniyar tsaba, suka samu gero da wake da ƙwallon atile. A 2021 Julie Dunne ta Jami'ar Bristol ta bincika maiƙon da ya shige cikin katangar tukwanensu, ta tarar kimanin kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka riƙe maiƙo suna ɗauke da kakin zuma, wasu tun shekara 3,500 da suka wuce. Gero da wake da atile da zuma duk suna nan a kasuwar Samaru da ta Sabon Gari yau. Waken da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ke fitar da sababbin irinsa, an fi shekara 2,000 ana noma shi a ƙasar nan kafin a kafa cibiyar.

A Gajiganna ta Borno, ƙasusuwan shanu da awaki da tumaki, da sawun ƙaiƙayi a jikin katangar tukwane, sun nuna makiyayan da suka sauka wajen shekara 3,800 da suka wuce, suna tara tsabar ciyawar daji, daga baya suka koma noman gero. A Dufuna ta jihar Yobe, a 1987, wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya ya ci karo da kwalekwalen da aka sassaƙa daga itace ɗaya, tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kimanin 8,000. Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka sani a Afirka. A Gobero kuma, cikin hamadar Tenere ta Nijar, inda yau ba a ganin komai sai rairayi, tawagar Paul Sereno ta gano a 2000 wata maƙabarta mai kaburbura kimanin 200, tare da ƙasusuwan dorina da kada da giwan ruwa. Tafki ne a da, mutane suna su a cikinsa. Babu littafin da ya rubuta wannan, ƙashin kifi ne ya ba da labari. In mun yarda da shi a Gobero, ba mu da dalilin ƙaryata shi a Fotugal.

Saboda haka hukuncina shi ne, maganar cewa mutanen kogo dabbobi ne ba ta da tushe. Sun dafa abinci, sun san shuke-shuken ƙasarsu da dabbobinta, sun yi aikin gayya, sun tufka igiya, sun yi jinyar marasa lafiyarsu. Ƙarancin kayan aiki daban, ƙarancin hankali daban.

Ina kira ga malaman makarantun firamare da sakandare na Samaru da Sabon Gari, in kun zo kan wannan darasi ku gaya wa yara cewa hoton ƙaton mai kulki kuskure ne da aka gyara tun 1957. Ina kira ga iyaye, in jami'a ta ba ɗanku ko 'yarku gurbin karatu a sashen binciken kayan tarihi, kada ku ce an tura shi tonon kasko, ilmi ne da ke haɗa tarihi da kimiyyar tsirrai da ta dabbobi da ta ƙasa. Ina kuma roƙon manoma da magina da masu haƙar rijiya da masu ɗibar ƙasar bulo, daga Bomo da Basawa da Shika har zuwa gindin Kufena, in kun ci karo da tsohuwar tukunya, ko tulin toka da gawayi, ko kashin maƙera, ko ƙasusuwa a zurfin ƙasa, kada ku wanke tukunyar, kada ku watsar da tokar, kada ku sayar wa dillali. Ku bar abin a inda yake, ku sanar da mai unguwa, a kai labari ga sashen binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello ko gidan tarihi na ƙasa da ke Kaduna. Abin da aka cire daga mazauninsa ya rasa rabin shaidarsa, kuma ba a mayar da ita. Allah ya ƙara mana sani mai amfani, ya ba mu ikon yi wa na gaba da mu adalci.